Inuwar Taga

Ƙarfe biyu na dare a Hull,
ruwan da ya fara tun la'asar bai gaji ba.
Na dawo daga gidan kula da tsofaffi,
hannuna na ƙamshin sabulun wani,
na buɗe kwamfutar da na saya fam talatin a kasuwar Lahadi
wurin wani dattijo mai tari
da ya rantse sau ɗaya tak ta taɓa faɗuwa.

Ba ta da ƙarfi, na sani.
Shi ya sa na ɗora mata tsari marar nauyi,
yadda ake ba majinyaci koko kafin a kai ga tuwo.
Ta sha, ta miƙe, tana buɗe fayil ba nishi.
Da na bar ta haka, da yanzu ina minshari.
Amma ido ba ya ƙoshi.
Na ce sai tagogina sun samu inuwa,
sai an hango bayansu kamar ta labulen leshi.
Na ɗauko manhajar haɗa hoto, na ce bismilla.

Tun ranar, in na ja taga sai ta bar sawu,
goma, ashirin, a jere kamar an watsa karta.
In na rufe ta, inuwarta ta ƙi tashi,
ta zauna a kusurwa
kamar baƙon da hira ta ƙare bai nemi takalminsa ba.

Shekaranjiya Tabawa ta kira daga Malumfashi.
Fuskarta ta tsage a tsakiya,
goshi ya yi gaba, haɓa ta tsaya a baya,
ƙanwata na yi mini dariya da baki biyu.
"Yaya, me kake ƙura mini ido haka?"
Na ɗora wa sabis laifi, shi da ba ya musu da kowa.

Ilu ya leƙo daga ɗakinsa, bargo a ka,
bas zai fitar da asuba.
"Kashe ka kunna."
Sau bakwai ke nan, Ilu. Koma.

Na buɗe baƙin allo, na bi farin rubutu da yatsa
yadda Inna ke tsince tsakuwa a shinkafa.
Can ƙasa, layi guda, ba ko ihu:
akwai wani yana wannan aikin tuni.
Ashe tsarin da nasa mai zane ya zo,
yana ta yi shiru tun ranar farko,
ni kuwa na ɗauko wani ban sallame shi ba.
Masu fenti biyu, bango ɗaya,
kowa na shafe aikin ɗan'uwa.

Na sallami na gida, na ba shi haƙuri a zuci.
Baƙon kusurwa ya tashi.
Saura tsagewar.

Fayil ɗin saiti, layi na saba'in da huɗu,
inda ake tambaya ko hoto ya jira allo kafin ya sauya.
An rubuta ƙarya.
Na goge, na rubuta gaskiya.
Allon ya yi ɗif.
Ashe gaskiya ta fi ƙarfin katin hoto mai shekara sha huɗu.
Ba kowa a gilashin sai ni,
gemu ya soma furfura, ido duk ja,
fanka na huci kamar akuyar da aka kora daga rumfar dawa.

Na lallaɓa ta bayan gida, madannai kaɗai, ba linzami.
Na bar gaskiyar inda take,
na sauke labulen leshin,
na mai da zanen tsohuwar hanya mai tafiya a ƙasa.
Inuwar ma na rage ta, saura faɗin farce.

Haske ya dawo.

Tsuntsayen teku sun fara faɗa a kan kwandon sharar Misis Oldroyd,
agogon Ilu na ƙara ta bango.
Na kama taga ɗaya, na ja ta hagu a hankali,
na ja ta dama da gudu. Ita kaɗai ta je, ita kaɗai ta dawo.
Shayina ya yi fata.
Na rubuta wa Tabawa:
in kin tashi kira ni da hoto,
akwai abin da nake son dubawa.